Yadda Muka Samu Takardar 'Yan Kwana-kwana Ga Siton Tina Da Fenti

Duk mai wurin feshin kujeru ko fentin mota da ke ajiye tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi) da duro, wata rana za a tambaye shi takardar shaidar kariyar gobara. Ko kamfanin inshora ya nema, ko mai gidan haya, ko ma'aikatar da za a yi wa kwangila. Mu kam waɗanda za mu yi wa kwangila ne suka nema. Wurinmu na feshin kayan katako ne, kuma abin da ke ajiye a lokacin shi ne duro biyu na tina mai lita 200 kowanne, jarkokin sifirit, gwangwanayen fentin seluloz da man sheƙi, kananzir na wankin buroshi, sai fetur ɗin janareta. Abokan sana'a da yawa suna fara aikin nan daga wutsiya, su zuba kuɗi a tukwanen kashe gobara kafin ma sifeto ya taka wurin, shi ya sa zan jero yadda abin ya tafi daki-daki.

Farkon zuwa ofishin hukumar kashe gobara ta jiha, sashen da ake nema shi ne na rigakafin gobara, ba wurin da motoci ke fake ba. A je da sassafe, domin jami'an duba wurare suna fita zagaye da hantsi, wanda ya makara sai ya zauna a benci har bayan azahar. Abin da suka karɓa a hannunmu: wasiƙar neman a zo duba wuri zuwa ga shugaban hukumar, kwafin rajistar kamfani ta CAC, takardar haya, zanen wurin ko da na hannu ne muddin ya nuna ƙofofi da tagogi da inda janareta yake, sai jerin duk wani abu mai kama wuta da yawansa a lita. Kuɗin ya danganta da girman wuri da irin sana'ar. A banki ake biya, a dawo da rasit, a buga masa hatimi, a buɗe maka fayil. Ka yi kwafin komai biyu, ka rubuta lambar fayil ɗinka a waya, don da ita za a riƙa nemo ka. Jami'in da ya duba jerin namu ya ɗora yatsa a kan kalmar tina ya ce, "Alhaji, wace iri? Kawo mana takardar bayanan sinadarin." Nan aikin ya tsaya, kuma a nan yake tsayawa ga yawancin mutane.

Takardar da yake nufi ita ce SDS, wadda kamfanin da ya haɗa sinadarin ke bayarwa, mai sashe 16. Dillalin kasuwa da wuya ya san da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce a karanta sunan kamfani da lambar kayan a jikin duron, a nemi wakilinsu ya turo ta WhatsApp ko a sauke daga shafinsu. Ba sai an haddace ta duka ba. Sashe na 3 ya faɗi abin da ke ciki, na 4 taimakon farko, na 5 abin da ke kashe wutarsa, na 6 yadda ake yi idan ya zube, na 7 ajiya, na 8 kayan kare jiki, na 9 kuma alƙaluma. Tinar seluloz gauraye ce, yawanci tolwin da zailin da asiton da wasu dangin asitet, wani lokaci har da metanol. A jikin duron za a ga alamar harshen wuta cikin jan murabba'i tsaye bisa kusurwa, da lamba 3, da UN 1263 idan kayan fenti ne. Tinar da ake aunawa a tsohuwar robar ruwa ba tambari kuwa, babu mai iya gaya maka abin da ke cikinta, sai ka ɗauke ta a matsayin fetur.

Alƙalamin da ya fi muhimmanci a sashe na 9 shi ne zafin kamawa, wato matakin zafin da ruwan ke fara fitar da tururin da tartsatsi ɗaya zai kunna. Na asiton yana wajen digiri 20 ƙasa da sifili. Na tolwin digiri 4 ne, na metanol 11, na etanol 13, na zailin ashirin da wani abu, kananzir kuma daga 38 zuwa sama. Ke nan babu ranar da tina ba ta shirye da kamawa a ƙasar nan, ko da tsakar hunturu ne. Kananzir ɗin da muke raina wa ma, a bazara ƙarƙashin rufin kwano ya riga ya kai matakinsa. Tururin ne ke ci, kuma ya fi iska nauyi: na asiton ninki biyu, na tolwin ninki uku. Ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa yana malala kamar ruwa, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya gangara kwata, ya je inda wuta take, sannan wutar ta biyo shi baya har bakin duro. Lita ɗaya ta tolwin tana ba da tururi kusan lita 230, kuma da ya kai kashi ɗaya da ɗigo cikin ɗari na iska ya isa fashewa. Wannan lita ɗayar za ta iya gurɓata iskar da ta kai mita 20 kubik, alhali ɗaki mai mita uku ta kowane gefe duka-duka mita 27 kubik ne. Wanda ya riƙe wannan bayanin, duk abin da sifeto zai faɗa daga baya ba zai zo masa da mamaki ba.

Bayan mun miƙa takardun aka sa mana rana. An ɗaga sau ɗaya saboda gobara ta tashi a wata kasuwa, kuma ba abin ƙorafi ba ne, mutanen da ke dubawa su ne dai ke fita kashewa. Jiran ya fi komai cin rai ga mai kwangila a wuya, don haka kada a bari sai an matsu. Ranar da suka zo su biyu ne. Babban bai ko kalli tukwanen da ke rataye ba. Tsugunnawa ya yi a ƙofar sito, ya shinshina daf da ƙasa, ya bi gangarar daɓen da ido har zuwa kwatar da ta fita waje, sannan ya tambayi inda kwatar ta nufa. Ta bi ta gaban mai shayi. Ya nuna soket ɗin da ke taku ɗaya daga ƙasa inda yara ke cajin waya, ya nuna fankar tsaye da ake hura wa mai feshi, ya nuna kwamfaresa da ke kunna kanta tana kashewa a cikin ɗakin feshi, da janareta a jikin bangon sito, da tulin tsummoki a kusurwa kusa da buhun garin katako. Ya ɗaga mazurarin roba ya ce a nuna masa yadda ake ɗura tina a jarka. Da ya gani sai ya ce, "Malam, da hunturu ma haka kuke yi?" Bai ɗaga murya ba, amma jikin kowa ya yi sanyi. Rahoton da ya biyo baya shafi biyu ne, da wa'adin gyara kafin su dawo.

Gyaran shi ne ya ci kuɗi. Abin da aka biya hukuma bai kai kwatan abin da magini da mai wayarin suka karɓa ba. An ware sito daban da bulo, nesa da ɗakin feshi da kuma hanyar fita, da ƙofar ƙarfe mai buɗewa waje. An huda bango biyu masu fuskantar juna, a sama da kuma daf da ƙasa, aka sa raga. Hudar ƙasan ce ke fitar da tururi, kuma ita ce magina ke son tsallakewa saboda ɓera. An yi wa rufin silin don rage zafi. A bakin ƙofa da kewayen daɓen an ɗaga dakali santimita 10, domin ƙa'idar ita ce wurin ya iya riƙe kashi 110 cikin ɗari na abin da ke cikin duro mafi girma, wato lita 220 ga duron 200. Sito mai mita biyu da uku da irin wannan dakalin yana riƙe kusan lita 600. An toshe ramin da ya haɗa siton da kwata. An cire soket da makunni daga ciki gaba ɗaya. Fitilar da aka ƙera don irin wannan wuri tana da tsada, don haka muka zaɓi a bar siton ba lantarki, a riƙa ɗiba da rana kawai, kuma sun amince. Janareta da kwamfaresa suka koma ɗaya gefen filin, aka ja tiyon iska mai tsawo. Fetur ya samu nasa akwatin ƙarfe. Ruwan batir da bilic da haidirojin feroksaid na farar da katako an raba su da siton, domin irinsu suna ƙara wa wuta ƙarfi ko su kunna ta.

Batun ɗura shi ne ya fi buƙatar bayani, don yawancin masu sana'a ba su yarda da shi ba sai an nuna musu. Tartsatsin da mutum ke gani a jikin bargo da daren hunturu, ko ɗan cizon da ƙofar mota ke yi masa, ya isa ya kunna tururin tina. Tolwin da zailin ba sa barin lantarki ya ratsa su, saboda haka idan suna kwarara ta tiyo ko mazurari sai caji ya taru, kuma busasshiyar iska na ƙara shi. Maganinsa waya biyu ne. Ta farko daga duro zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, irin wadda masu wayarin ke kafa wa gida. Ta biyu daga duro zuwa gwangwanin da ake ɗura wa. Matsin wayar ya ciji ƙarfe tsirara, a kankare fentin wurin, kuma a maƙala shi kafin a buɗe murfi, a cire bayan an rufe. Jarkar roba ba ta ɗaurewa da waya, shi ya sa muka koma gwangwanayen ƙarfe masu murfi da mazurarin ƙarfe. An sa wa duron famfon hannu mai bututun da ke kaiwa gindin gwangwani, don kada ruwan ya faɗo daga sama yana fantsama. Ba a cika gwangwani fal, ana barin kamar kashi ɗaya cikin goma don kumburin zafi. Zuƙo tina da baki ta tiyo an hana shi kwata-kwata, buɗe murfin duro da kurfi da guduma ma haka. A ɗakin feshi kuma ba a shigar da abin da ya wuce aikin yini.

Tsummoki suna da tasu matsalar. Wanda ya jiƙe da tina yana fitar da tururi, wanda ya sha man linsid ko man sheƙi mai bushewa kuwa yana iya yin zafi da kansa a cikin tuli har ya kama cikin dare ba wanda ya kunna. An tanadi bokitin ƙarfe mai murfi, ana kwashe shi kullum kafin a tashi.

Sai bayan wannan aka zo kan tukwane, kuma sifeton ne ya faɗi iri da adadi da wurin ratayewa. Wutar tina rukunin B ce, wato wutar ruwa mai kamawa. Muka sa na hoda mai kilo 9, masu shuɗin tambari, ɗaya a wajen ƙofar sito, ɗaya a ƙofar ɗakin feshi, da na iskar kabon mai kilo 5, baƙin tambari, kusa da allon lantarki. A waje ake ratayewa, hannun tukunyar kamar mita ɗaya daga ƙasa, domin wadda ke cikin sito ranar gobara ba ta da amfani. Kumfa na da kyau ga kananzir da tolwin, amma asiton da sifirit suna narkar da kumfa ta gama-gari, sai wadda aka rubuta tana jure barasa. An ƙara bokitan busasshen yashi da bargon kashe wuta. Kayan jiki kuma sashe na 8 muka bi. Takunkumin ƙura ba ya tare tururi ko kaɗan, ana buƙatar mai gwangwanin gawayi, nau'in A mai ruwan ƙasa, ga asiton kuma nau'in AX. Safar hannu ta asibiti tina na cinye ta cikin mintuna. Tufafin aiki na auduga ne, domin yadin roba narkewa yake ya manne a fata.

Ranar horo ita ce ta fi tsaya wa ma'aikata a rai. A fili aka yi, an zuba ɗan mai a farantin ƙarfe aka kunna. Jami'in ya watsa masa ruwa rabin moɗa daga nesa, wutar ta yi tsalle ta fito daga farantin tana bin ruwan a ƙasa. Tolwin da kananzir ba sa gauraya da ruwa, a samansa suke yawo, don haka bokitin ruwa faɗaɗa gobarar yake yi. Daga nan kowa ya riƙe tukunya da hannunsa: a zare fil, a tsaya taku uku zuwa huɗu, iska a bayanka, ƙofar fita ma a bayanka, a auna gindin wutar daga gefen da ke kusa, a matsa, a share hagu da dama ana turawa gaba. Kada a soka hodar tsakiyar ruwan daga kusa, zai fantsamo. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne tukunyar kilo 9 ba ta kai rabin minti ta ƙare. Ta iskar kabon kuma ba a riƙe bakinta, sanyinsa na ƙona hannu, kuma ba ta sanyaya ƙarfe, wutar na iya dawowa. Wani yaro ya tambaya, "Yallaɓai, idan duron ne da kansa ya kama fa?" Ya ce masa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tukunya ta wutar da ba ta wuce faɗin tabarma ba ce. Idan ta kai duro, ko tukunya ɗaya ta ƙare ba ta mutu ba, a fita, a ja ƙofa, a kori maƙwabta nesa, domin duron da ya yi zafi fashewa yake.

Sun kuma sa mun gwada zubewa da jarkar ruwa. Tsarin shi ne a yi ihu kowa ya sani, a fitar da mutane, kada a taɓa makunni a ciki, ko kunnawa ko kashewa, domin kashewar ma tana tartsatsi. A yanke wuta daga babban layi na waje, a kashe janareta, a tura yaro ya ce wa mai shayi da mai walda su kashe nasu. A buɗe ƙofofi. A fara tare bakin kwata da yashi, sannan a kewaye abin da ya zube, a rufe shi da yashi daga gefe zuwa tsakiya. Garin katako ba ya cikin lissafi, makamashi ne. A kwashe da abin katako ko na tagulla, kada shebur ɗin ƙarfe ya karci siminti, a zuba a duron ƙarfe mai murfi. Idan abin ya kai jarka guda a rufaffen ɗaki, ba aikin ma'aikata ba ne, a fita a kira. Kada a dogara da hanci, yana sabawa da warin cikin ɗan lokaci. Jiri da ciwon kai da maganar da ta fara lauyewa su ne alamar a fitar da mutum iska. Mun rubuta 112 da lambar tashar kwana-kwana mafi kusa a bango da manyan baƙaƙe, kuma mai kira ya faɗi sunan abin da ke ci, da yawan durorin, da kwatancen da direba zai gane.

Taimakon farko ya jawo gardama, domin kowa da abin da ya gada. Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu, ya faɗi ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna ruwa mai gudu take so, na famfo ko na buta, minti 20 cur. Ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba baƙin mai. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a bar yadin da ya manne, a rufe da tsaftataccen abu a tafi asibiti. Ido a wanke shi minti 15 a buɗe. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin haɗarin shi ne ruwan ya koma huhu. Idan akwai metanol a ciki, mutum na iya zama garau na wasu sa'o'i kafin ido ya fara dushewa, don haka a tafi asibiti nan take da takardar SDS a hannu. Wanke hannu da tina bayan aiki, wanda kusan kowane mai fenti ke yi, yana cinye maiƙon fata har ta tsattsage, kuma hannun da ya jiƙe da ita bai kamata ya kusanci murhu ba.

Dubawa ta biyu ba ta daɗe ba. Sun bi rahotonsu layi-layi, suka ja wayar duro su ga ko ta kama, suka duba allurar kowace tukunyar hoda tana kan kore, sannan suka zaɓi ƙaramin yaron shago suka ce ya nuna abin da zai yi idan gwangwani ya kife. Takardar ta fito bayan sa hannun shugaba, tamu ta shekara ɗaya ce, ana sabuntawa da sabon rasit da shaidar an yi wa tukwane sabis. A nan ne kuma aka tuna mana cewa takardar kwana-kwana ba ta maye gurbin rajistar wurin aiki a ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a ƙarƙashin dokar masana'antu, ko biyan NSITF, asusun inshorar ma'aikata, kashi ɗaya cikin ɗari na albashi bisa dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Izinin NAFDAC kuwa na mai shigo da sinadarin daga waje ne, mai saye a gida ya tabbatar dillalinsa na da shi.

Ga wanda zai fara, jerin da ya fi sauƙi shi ne a samo SDS tukuna, a rage kayan da ke ajiye zuwa abin da ake buƙata, a kai takardu, a bari sifeto ya gani, a yi gini da wayarin, sai a sayi tukwane a ƙarshe daga wanda zai dawo ya yi musu sabis. Duk wata a duba allura, a juya tukunyar hoda a ji motsinta don kada ta dunƙule, wadda aka ɗan fesa kuma a kai ta ciko ko da sakan biyu aka matsa. Sabon yaro kada ya taɓa duro sai an nuna masa waya biyun nan. Ragowar tina mai datti a tara ta a duro mai alama, kada ta shiga kwata ko masai. Abin da na fi jin tsoro har yanzu shi ne duron da ya ƙare. Mutane na saye su kai wa mai walda ya yanka a yi murhu ko mazubin ruwa, alhali cike yake da tururi gauraye da iska, daidai yadda fashewa ke so, kuma ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi. Namu muna rufe su da murfinsu, mu rubuta abin da suka ɗauka da fenti a jiki, mu mayar wa dillalin da ya kawo su.